Neman shawara: Massey ta hannu ko sabuwar tantan 'yar Indiya?

Manomin Suru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar tantan ku agaza mani, yau kwana huɗu barci ya ƙaurace wa idona. Mahaifinmu ya rasu bara bayan babbar salla, ya bar mana fadama wajen Suru, hekta 11 in an haɗa da wadda ke hannun ƙanensa, ita kuma har yau ba a gama maganarta ba. Mu tara ne, maza huɗu mata biyar. Babban yayanmu yana aiki a Abuja, ya ce shi da laka sai dai kallo, duk abin da na yanke ya yi. Akwai wani fili da Baba ya saya a Birnin Kebbi tun muna yara, aka sayar, aka yi zama aka amince kada a raba kuɗin, a sayi tarakta mu noma tamu mu kuma ba da haya. Ƙanwarmu guda ce ta ƙi, ta ce a ba ta rabonta, sai da Inna ta kira ta ɗaki sannan ta yi shiru, amma har yanzu gaisuwarta sama-sama ce.

Abin da ya kai mu ga wannan, tun 2015 da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi kowa ya koma shinkafa, samun tantan a kan lokaci ya zama sai mai hanya. Bara na biya kuɗin haro, sai bayan kwana 19 mai tantan ya zo, irin da na yafa don dashe duk ya tsufa.

Yanzu ga inda na tsaya. Akwai Massey Ferguson 375 ta hannu a Kano, an ce 'yar Ingila ce. Akwai sabuwar Mahindra 'yar Indiya, amma kuɗin ba za su kai ba sai na sayar da Hilux ɗina. Wani abokina kuma ya ce in ba John Deere ba kada in soma. Wacce ta fi ƙarko? Kuɗin marayu ne a hannuna, ina tsoro.

Tsohon Direban Tantan:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Ɗana, saurara da kyau. Na fara tuƙin tantan tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, kafin a fitar da Kebbi a 1991. Na tuƙa Steyr da ake haɗawa a Bauchi, na tuƙa Fiat, na tuƙa Massey tun daga 135 mai silinda uku har 375. In kana son kwanciyar rai, Massey ka saya, magana ta ƙare. Injin Perkins ne a cikinta, silinda huɗu, ƙarfin doki 75, babu waya da yawa babu kwamfuta. Ko a ƙarƙashin giginya ta tsaya, bakanike mai sifana uku zai tashe ta. Kayan gyaranta kuwa ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, na sabo da na hannu duk a zube. Steyr ma ƙarfe ce ta gaske, amma da kayan gyaranta suka yi wuya ina take yau? Kowace tantan tana lalacewa, wadda ake samun kayanta kusa ita ce mai ƙarko.

Bakaniken Jega:
Baba ya yi gaskiya a kan kayan gyara, sai dai ina da gyara kaɗan. Yaya, wa ya ce maka 'yar Ingila ce? An daina ƙera 375 a Ingila tun ƙarshen shekarun 1990, ka ga in ma ta can ce ta haura shekara ashirin da biyar tana aiki. Yawancin waɗanda ke shigowa yanzu daga Pakistan suke, kamfanin Millat na Lahore ke yin su da lasisin Massey. Ba aibu ba ne, suna aiki sosai, amma farashinsu daban ne, kada a sayar maka da wannan da sunan waccan. Ka duba faranti mai lamba da ke jikinta.

Kuma kada fenti ya ruɗe ka. Ka je da sassafe kafin kowa ya tashe ta, ka ɗora tafin hannu a kan inji ka ji sanyi ne, sannan a yi mata kiy. Mai lafiya bugu ɗaya take kamawa. Ka tsaya ka kalli hayaƙi: shuɗi yana nufin tana shan baƙin mai, ringi ya tafi, fari da bai ɗauke ba bayan ta ɗumama, ko ruwa na shiga ko nozul ne. Ka zaro sandar gwajin mai, in ya yi kalar koko da madara ka juya ka tafi. A ɗaura mata garma a ɗaga sama a kashe inji, ka zauna minti goma, in garmar na sauka a hankali haidirolik ya gaji. Agogon awa kuwa kada ka yarda da shi, ana mayar da shi baya. Ka dubi fedar kulochi da ta birki, yadda ƙafa ta cinye su shi ke faɗin gaskiyar shekarunta.

Tambayata: mai jan ƙafa biyu ce ko huɗu? Don fadamar Suru ba tudu ba ce.

Manomin Suru:
Na gode Baba, na gode Malam bakanike. Ni dai bidiyonta na gani, an tashe ta a gabana ta waya, ƙararta lafiya lau. Wanda ya haɗa ni da mai ita surukin abokina ne, mutum ne mai tsoron Allah, ba zai cuce ni ba. Shi ya ce 'yar Ingila ce.

Ɗan Kamba Mai Haya:
Ni tantan biyu nake bayarwa haya, kuma da girmamawa ga Baba, zamani ya wuce wurin. John Deere 5075E nake da ita, ita ma ƙarfin doki 75, silinda uku mai turbo, a garin Pune na Indiya ake haɗa ta. Ka bar ganin sunan Amurka. Shekara ta huɗu ke nan ban buɗe inji ba, gas take sha kaɗan, sitiyarinta mai laushi, direba ya yini bai yi ciwon kafaɗa ba. Kayan gyaranta da tsada, ban musa ba, amma sau nawa kake saye? Abin da take so gas mai tsabta, canjin mai a kan lokaci, kuma a bar ta ta huce minti biyu kafin a kashe saboda turbo.

Tsohon Direban Tantan:
Gas mai tsabta a ina, Alhaji? A Suru? Na jarka ne za ya saya a bakin hanya, da ruwa da ƙasa a ciki. Ranar da famfon mai ya mutu tsakiyar damina, kai kana da ta biyu da za ta riƙe ka, shi fa? Ka bar yaro ya sayi abin da ya san za ya iya riƙewa. Massey.

Hajiya Mai Gumi:
Ni ban san inji ba, turara shinkafa nake yi a Argungu, amma maganar nan ta taɓa ni. Ƙanena, mu ma haka aka yi a gidanmu. Da maigidana ya rasu, 'yan uwansa suka haɗa kuɗin yara da nasu aka sayi tantan, aka ce duk ƙarshen kaka za a zauna a yi lissafi. Shekarar farko an kawo mana buhu shida. Ta biyu aka ce gyara ya cinye. Ta uku ko bayani babu, sai gani na yi ana jan ta a tirela. Yau ɗana in ya haɗu da baffansa a masallaci sai ya sauya sahu. Ban ce kai haka kake ba, amma ka ba ƙanwarka haƙƙinta tun da ta nema, sauran kuma a rubuta kason kowa a gaban malami da shaidu.

Manomin Suru:
Hajiya Allah ya saka maki, amma mu gidanmu ba haka yake ba, uwa ɗaya uba ɗaya muke. In na cire rabonta yanzu kuɗin ko ta hannun ba za su saya ba. Ni tambayata a kan tantan ce.

Direban Layin Sakkwato:
Ni dai abu guda zan ce, kada ka kuskura ka sayar da Hilux. Da me za ka kai gas gona? Da me za ka ɗauko bakanike in ta tsaya cikin dare? Toyota ba abin rabuwa ba ce. Na yi shekara 12 da Peugeot 504 ta Kaduna, mota ce mai daɗin zama a hanya marar kyau, amma da na koma Toyota na san an hutar da ni daga cika lagireto kowace tasha. Yau ka sayar da Hilux, kuɗin ba za su sake saya maka irinta ba, tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a 2017 farashi bai sake sauka ba, ga faɗuwar naira.

Malamin Firamare, Bunza:
Direba kada ka zagi 504, babana da ita ya yi aiki shekara ashirin, har amarya da gara ta ɗauka. Matsalar mutanenmu ba sa kula da mota, ruwan rijiya suke zuba wa lagireto. Ku dubi Golf 3 da Sharon da ke lodin Jega zuwa Yawuri, an ɗora masu kaya har rufi, suna tafiya. Ni abin da ke ƙona mani rai, duk shekara a rediyo za ka ji an kawo tantan don manoma, mun cika takarda sau uku a ƙungiyarmu, har hoto muka manna, ko tayarta ba mu gani ba. Daga baya ka gan su a gonar masu hannu da shuni.

Injiniya 'Yar Zuru:
Yaya, mu dawo kan lissafi. Hekta 11, kuma wani ɓangare ma ana jayayya a kansa, ba za su riƙe tarakta mai ƙarfin doki 75 ba. Ke nan rayuwarta a kan haya take. Wa zai tuƙa? Wa zai bi shi ya ga hekta nawa ya yi? Kuɗin da ke hannunka sun haɗa da haro da garma da tirela, ko tarakta ce tsirara? Game da Mahindra, kada a raina ta, a yawan taraktocin da ake sayarwa babu kamfanin da ya kai shi a duniya, kuma sabuwa tana zuwa da garanti. Abin tambaya shi ne ina dila mafi kusa da kai, kuma yana ajiye filta da faranti na kulochi ko sai an aiko. Ni da shawarata za a bi, ƙaramin injin huɗa na turawa guda biyu za ka saya, su ne suka dace da kunyoyin shinkafa masu ruwa, ba sa nutsewa, ragowar kuɗin ka sa a famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, tunda fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023.

Tsohon Direban Tantan:
'Yata, wancan injin turawa wasan yara ne, ƙasar fadama in ta bushe ta tsage ko farcensa ba ya shiga. Garanti kuma takarda ce. Wani maƙwabcina ya sayi sabuwa dal ta wani kamfani, ba zan kama suna ba, giya ta kakare a wata na biyar, ya yi ta waya har aka yi girbi ba a zo ba. Na faɗa na sake faɗa, Massey. In ma da hali a nemi 385 mai jan ƙafa huɗu.

Injiniya 'Yar Zuru:
Baba, ai ana jiƙa ƙasar kafin a shiga da shi, haka ake noman shinkafa da shi a ƙasashen Asiya.

Manomin Suru:
Injiniya na ji, amma in na koma gida da injin turawa bayan an sayar da filin Baba, da wane ido zan kalli 'yan uwana? Tantan aka ce. Tuƙi kuma ƙanena zai yi, yana tuƙa Hilux ɗin tun yana sakandare. Maganar haro zan ara wurin wani kafin kaka. Gaskiyar magana ma na riga na tura kafin alƙalami naira miliyan 2 ranar Litinin, don an ce wani daga Talata Mafara yana son ta.

Bakaniken Jega:
Innalillahi. Yaya, ka tura kuɗi a kan bidiyo? To ai da ka faɗa tun farko. Akwai takarda? An yi da kai cewa in ka duba ba ta yi maka ba za a mayar? Kuma tuƙin Hilux daban na tantan daban, wanda bai saba ba ƙafarsa a kan kulochi take kwana, wata biyu ya ƙone shi. Ni ranar Alhamis zan shiga Kano sayen kaya, ka biya kuɗin motata mu je tare in duba maka. Har yanzu ba ka ce ƙafa biyu ce ko huɗu ba.

Ɗan Kamba Mai Haya:
Ka nemi kuɗinka ko da za a cire wani abu. Asarar dubu ɗari biyu ta fi ta miliyoyi sauƙi.

Tsohon Direban Tantan:
Kada ku firgita shi. In dai 375 ce, ko injin ya gaji a yi mata ringi da fiston ta koma sabuwa. Ka ƙarasa biya ka ɗauko abinka, ɗana.

Hajiya Mai Gumi:
Yayanku na Abuja da ƙanwar taku sun san an tura miliyan biyun?

Manomin Suru:
Hajiya zan gaya masu in an gama, ba na son hayaniya tun abu bai tabbata ba. Malam bakanike Alhamis ina da zaman sulhu da baffanmu a kan gonar, ba zan samu zuwa ba. Yanzu mai ita ya kira, ya ce in ban cika ba zuwa Juma'a bayan masallaci zai ba na Mafara, kuma bai ce komai a kan mayar da kuɗin ba, ni ma na ji nauyin tambaya. Na tambaye shi maganar ƙafa ya ce zai turo hoto. To in ta kasance mai ƙafa biyu ce, in aka sa mata tayar ƙarfe ba za ta shiga fadama ba? Wa ya taɓa gwadawa?