Abin da aka ce kan maganin ɗiga wa ido mai haɗi biyu

Jiya a fadarmu nan Yamai aka yi ta gardama kan Tobradex da Frakidex, ga abin da na tsinta. Kowannensu magani biyu ne cikin kwalba guda, ɗaya na kashe ƙwayoyin bakteriya, ɗayan kuma dexamethasone shi ke kwantar da kumburi da ja. To shi na biyun nan ne abin tsoro, in gyambo ne a baƙin ido ko cutar herpes (wani bairos da kan kama ido) sai ya ƙara ɓata lamarin, kuma in aka daɗe ana ɗigawa yana hau da matsin ido har gilokoma (cutar da ke lalata jijiyar gani), ga yanar ido. Wani malamin asibiti cikinmu ya ce kar a saya a farmasi ba ordonans, balle don apolo, wanda galibi bairos ne. Kar bakin kwalbar ya taɓa ido, kuma ba a aron ta.