Neman shawara: ɗana ya haddace katikizim amma bai gane ba

Wata uwa daga Numan: Salama gare ku 'yan'uwa. Ɗana yana ajin tabbatarwa (inda ake shirya yara su tabbatar da bangaskiyarsu a gaban jama'a) a majami'armu ta Lutheran, kullum yana karatun katikizim. Amsoshin na bakinsa kamar ruwa, amma in na juya tambayar kaɗan sai ya yi shiru. Shin katikizim hadda ce kawai? Ni ban samu shiga ajin ba ina yarinya, don Allah a fahimtar da ni yadda zan taimake shi.

Wani katikis (mai koyar da addini a majami'a) mai ritaya: 'Yata, kwantar da hankalinki. Katikizim koyar da tushen bangaskiya ne baki da baki, malami ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa. Ƙaramin littafin da ke hannun ɗanki Martin Luther ne, wanda majami'arku ke ɗauke da sunansa, ya rubuta shi a 1529, bayan ya zaga ƙauyukan Jamus ya tarar mutane da yawa ko Addu'ar Ubangiji ba su iya ba. Kuma iyaye ya sa a gaba, ya ce maigida ya koyar da iyalinsa da shi. Ki duba, bayan kowace doka cikin Dokoki Goma akwai tambayar "mene ne ma'anar wannan?" A nan aikin yake. In yaron ya kawo haddarsa, ki rufe littafin ki ce ya faɗa miki da nasa kalmomin, ya kawo misali daga makaranta ko kasuwa. Doka ɗaya a mako ta isa.

Wani ɗan Katolika daga Kafanchan: Baba ya faɗi gaskiya. Zan ƙara cewa ba kowane katikizim ne tambaya da amsa ba. Babban namu na 1992 bayani ne a jere, taƙaitaccensa na 2005 ne ya zo da tambayoyi 598.

Wata malamar Sande Sukul: Mama, kada dai ki hana shi haddar. Na ga yaran da amsar ta zauna musu a ka, sai da suka girma suka shiga wahala sannan ma'anarta ta buɗe musu. Ki samu malamin ajinsu ki ji inda suka kai, ku riƙa tafiya tare.

Uwar: Na gode ƙwarai, Allah Ya sāka. Baba, da wace doka zan fara?

Katikis: Ki fara da ta farko, wadda ta ce kada a bauta wa kowa sai Allah, 'yata. Ki tambaye shi abin da yake dogara da shi in tsoro ya kama shi, ki saurare shi har ya gama.