Actually, absolutely, quite: wa suka taɓa kunyatawa?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Kowa ya kawo nasa labarin game da kalmomin Turancin nan na mamaki da jaddada magana. Ni actually ce ta jefa ni. Ina sabuwar ma'aikaciya, oga ya ce taron gobe ƙarfe goma ne, sai na ce "Actually, sir, it is eleven." A zatona na yi ladabi, don ina ɗaukarta kamar "gaskiya" tamu. Ya ɗago ya dube ni, ofis ya yi tsit. Bayan an tashi wata yaya a wurin ta ja ni gefe ta ce, ƙanwata, in kalmar nan ta buɗe magana gyara ce tsagwaronta, kamar ki ce wa babba "a'a, ba haka ba ne" a gaban mutane.

Ɗan Maraɗi: Hajiya naki da sauƙi. Mu da muka yi boko da Faransanci, actuellement na nufin "a halin yanzu". Da na zo karatu Sakkwato duk wanda ya tambaye ni sai in ce "Actually I live in Sokoto." Wani ya ce min, to malam wa ya yi maka musu? Ashe currently nake nema. Na fi wata shida ina yi ba wanda ya gyara min.

Malamin Turanci: Ɗalibaina kullum absolutely ce ke kayar da su, ni ma ta kayar da ni kafin su. Na daɗe ina cewa "absolutely cold", har na gane ba ta zama da kowace sifa. Sifar da ake iya ƙara mata ko a rage, irin cold da good da tired, very take ɗauka. Wadda ta riga ta kai ƙarshe, irin freezing da perfect da exhausted, ita ce ta absolutely. Shi ya sa "very freezing" ke yi wa Bature ƙaiƙayi a kunne.

Ranar da abin ya shiga kan yara, ban buɗe littafi ba. Na rubuta a allo: fari ƙirin, baƙi fat. Aji ya fashe da dariya. Na ce me ya faru? Suka ce Malam ai fari fat ne, baƙi ƙirin, ja wur. Na ce wa ya koya muku dokar? Shiru. Kunne ne ya koya musu. Haka highly unlikely da bitterly cold da deeply sorry suke, kowace da abokiyar zamanta, tare ake haddace su.

Ummu Sudais: Allah ya saka, Malam. Ni a Ingila nake aikin jinya. Shugabarmu ta duba rahotona ta ce "It's quite good," na kira gida ina murna. Daga baya na fahimci a bakin mutumin Ingila wannan "ba laifi" ce kawai. Amma in ta ce "quite right", to daidai ne ɗari bisa ɗari. Ba'amurke kuma in ya ce quite good yawanci yabo ne na gaske. Sai kuma "terribly sorry", da farko na tsorata, na ce wane mugun abu ne ya faru? Ashe haƙuri take ba ni sosai.

Auta: Ni literally ce, wadda asalin ma'anarta "a zahiri" ce. A gwajin shirin WAEC na rubuta "I literally died laughing." Malam ya ja layi da jan biro ya rubuta a gefe: to wa ya rubuta wannan?

Malamin Turanci: Auta, ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da wannan ma'anar ta zuguguwa, amma kada ka kai ta ɗakin jarrabawa. Mu ma muna cewa "na mutu da dariya", sai dai ba ma haɗawa da rantsuwa.

Auta: Malam wasunmu fa har wallahi suke sawa.

Maman Ilham: Really?