Hasken Rana da Ƙuncin Lokacin Hunturu

Ga masu fama da ƙunci a lokacin hunturu, sa'ad da hasken rana ke raguwa, shawarar da aka fi nanatawa ita ce mutum ya fita waje da safe, ko da gari ya yi lullumi. Hasken cikin ɗaki da ƙyar yake kai lux 500 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), na waje kuwa, ko rana ta ɓuya a gajimare, yakan haura 1,000. Hasken safiya da ke shiga ido shi ke shaida wa ƙwaƙwalwa gari ya waye, sai ta rage melatonin, sinadarin da ke jawo barci. Idan dare ya yi tsawo, agogon jiki kan rikice, mutum ya wuni da kasala da kwaɗayin kayan zaƙi.

Wasu sun ce tafiyar minti 20 zuwa 30 ta wadatar da su. Mai aikin ofis ya jawo teburinsa jikin taga. A gida kuwa, a yaye labule tun kafin a taɓa waya.

Akwai kuma fitila ta musamman mai lux 10,000, wadda ake ajiyewa a gefe da safe, ba a ƙura mata ido. A nan ni dai ina kaffa-kaffa: mai ciwon ido ko larurar baifola (wadda ke sa yanayin mutum ya riƙa sauyawa tsakanin tsananin ɗoki da tsananin ƙunci) ya fara ganin likita tukuna, haka wanda ƙuncin ya hana shi aiki ko barci.