Sabuwar mota ta koma gareji sau uku cikin wata biyu: mene ne haƙƙina?

Mai tambaya, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana doka da masana mota. Wata biyu da kwana goma ke nan da na sayi mota sabuwa dal a wani kamfanin dillancin motoci a Kano. Ba 'yar Kwatano ba ce, ledar kujerunta ma ni na cire da hannuna. Tun a mako na biyu, idan ta yi tafiya mai ɗan nisa sai wutar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari, giya ta ƙi shiga, injin ya mutu. Sau uku ina mayar da ita, kowane karo su riƙe ta kwana huɗu ko biyar, su ce sun daidaita kwamfutarta. Na baya-bayan nan ya same ni tsakanin Tsafe da Gusau, dab da magariba, ga iyalina a ciki, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin tsayawa ba ne. Da na nemi a canza mini ita ko a mayar mini da kuɗina, manajan ya ce garanti gyara kawai ya ƙunsa. Shin haka doka ta ce?

Lauya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Takardar garanti alkawari ne da kamfani ya ɗaukar wa kansa, ba ta isa ta shafe haƙƙin da doka ta ba ka ba. A Amurka jihohi suna da dokoki na musamman kan sabuwar motar da gyara ya ƙi ci, jihar Konetikat ce ta fara a 1982. Mu a Najeriya ba mu da dokar da ta keɓanta da mota, amma muna da dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, a madadin tsohuwar hukumar CPC.

Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin samun kaya mai inganci, wanda ba shi da aibi, wanda zai yi aikin da aka saye shi dominsa. Sashe na 132 kuma ya ba ka damar mayar da kayan da ya gaza cika wannan sharaɗi cikin wata uku daga ranar da aka miƙa maka shi, ba tare da tara ba, ɗawainiyar mayarwar a kan mai sayarwa, shi kuma wajibi ne ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Na san za su ce ai sun zaɓi gyara, to amma gyara uku da bai kawar da matsalar ba hujja ce a hannunka, ba a hannunsu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci, domin kwana ashirin kacal suka rage maka. Kada ka tsaya ga kiran waya. Ka rubuta musu wasiƙa a wannan makon, ka jera ranakun da motar ta lalace, ka faɗi ƙarara cewa kana mayar da ita kana neman musanya ko kuɗinka, sannan su buga hatimi a kwafinka. Idan suka yi kunnen uwar shegu, ka shigar da ƙorafi a FCCPC, ana iya yi ta intanet, kuma ƙofar kotu a buɗe take.

Bakanike, Ƙauran Namoda:
Alhaji, roƙona ɗaya ne: kada ka bari wani daga cikinmu na waje ya ɗora mata sifana, ko da a hanya ta tsaya, gara a jawo ta. Da zarar sun ga an taɓa waya ɗaya za su ce kai ka ɓata garantin. Duk zuwan da ka yi akwai takardar aiki da suke cikawa, mai ɗauke da kwanan wata, kilomitar da ke kan mita da abin da suka ce sun gyara. Ka karɓi kwafin duka ukun. Idan wutar ta sake kamawa, ka ɗauki bidiyonta kafin ka kashe injin, domin sau da yawa goge saƙon kuskuren kawai ake yi, ainihin cutar tana nan.

Malamin Islamiyya, Gummi:
Ƙari a kan bayanin Barista, shari'ar Musulunci ma ta san wannan haƙƙi, malaman fiƙihu suna kiransa hiyarul aibi. Wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da ke tare da shi tun kafin ciniki, kuma ba a bayyana masa ba, yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Sai dai ci gaba da amfani da kayan bayan sanin aibin ana iya ɗaukarsa a matsayin yarda, saboda haka ina ganin ka ajiye motar ka daina hawa.

Mai tambaya, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba aljihun motar na tarar da takardar aiki biyu, ta ukun ce ba su ba ni ba. Barista, shin in nemi wannan takardar a cikin wasiƙar, ko in fara karɓo ta kafin su san abin da nake shiryawa? Ranar Litinin in Allah ya yarda zan shiga Kano a motar haya.