Wa ya kira Baffa jahili?

Ɗalibin Dutse: Assalamu alaikum 'yan gida. Ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Tun bayan azahar nake zaune da Baffa a gindin darbejiyar bakin firamare inda sabis ke ɗan kamawa, muna cike fom ɗin rijistar takin nan da wata ƙungiya ta turo, har aka kira la'asar ba mu gama ba. Sunan kakanmu Mu'azu, shafin ya ƙi karɓa saboda ɗan waƙafin nan na sama, jan rubutu kawai yake fitowa da Turanci bai faɗi inda laifin yake ba, sai da na mayar da shi Muazu. Ranar haihuwa kuma kalanda ce, wata ɗaya-ɗaya kake dannawa baya, mutumin da aka haifa a 1961, dannawa sama da 700 kenan fa. Sai wani gurbi da aka ce a sa lamba 11, to NIN 11 ce, BVN 11 ce, lambar waya ma 11 ce, wacce suke nufi? Kod ɗin da suke turowa ta tes kafin ya iso ya mutu, ka nemi wani duk abin da ka cike ya goge. Na rantse wanda ya haɗa shafin nan bai taɓa miƙa wa manomi waya ya ce gwada in gani ba. A ƙa'idar aikinmu na haɗa shafukan intanet, shafi mai kyau shi ne wanda ko jahili zai cike ba tare da an riƙe masa hannu ba.

Gardin Tsangaya: Wa alaikumus salam. Dakata malam. Wa kake kira jahili?

Ɗalibin Dutse: Ban kira kowa ba Alaramma, misali na bayar

Gardin Tsangaya: Misali da wa? Da Baffa kake zaune ka ce ko jahili. Mutumin da ya haddace izu sittin, yake rubuta lissafin gonarsa da ajami tun ba a haife ka ba, don bai iya abacada ba shi ne jahili? Shekara biyu kacal a jami'a har an fara raina na gaba.

Direban Gujungu: Ai dama haka bokon nan yake, yaro ya je Dutse ya dawo yana yi wa iyayensa kallon hadarin kaji 😂

Malamin Firamare: Jama'a a yi hattara. Kalmar ba ta yi daɗi ba gaskiya, da cewa ya yi wanda bai yi boko ba da an zauna lafiya. Amma maganar da ke ciki gaskiya ce. Ni da NCE ɗina sau uku fom ɗin nan yana koro ni.

Gardin Tsangaya: Malam kai ma ka ce ba ta yi daɗi ba, to ya janye.

Ɗalibin Dutse: Na janye, Allah ya ba da haƙuri, Baffa ubana ne. Amma ku ji abin da nake son faɗa. Gwajin nan ba wani abu mai tsada ba ne. Ka samu manomi ka ba shi wayar ka ce yi rijista, kai kuma ka kama bakinka ka zuba ido, ka ce masa ya riƙa faɗin abin da yake tunani. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya ka rubuta, nan ne ka yi kuskure ba shi ba. Akwai wani masani Jakob Nielsen, ɗan asalin Danmak, tun shekarar 2000 ya rubuta cewa mutum 5 sun isa su tono maka kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin shafi, ka gyara ka sake kiran wasu biyar. Da sun yi haka a kasuwar Gujungu ran Lahadi ɗaya, da mutum na farko zai nuna musu matsalar Mu'azu.

Direban Gujungu: Mutum biyar? Ko motata ba ta tashi da mutum biyar

Bakanon Gaya: Hhhh. Ai matsalar ba ta fom ba ce, mu nan Gaya mun cike lafiya lau. Ku Jigawa ne sabis ɗinku sai an hau bishiya.

Direban Gujungu: Ji wannan kuma. Wa ya sa shi a guruf ɗin nan ne wai? Gaya da Ringim nisan me ke tsakani da za ka zo kana mana burgar birni

Bakanon Gaya: Har 1991 ai ƙarƙashinmu kuke, ɗa da uba ba a musu

Uwar Biyu: Ni dai tambaya nake. Innarmu ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba amma WhatsApp ba ya ba ta wahala, ta san hoton makirfon ɗin nan, ta danne ta yi magana ta saki, da shi take karɓar odar ƙuli-ƙuli har daga Kano, in kuma ta ga alamar ta koma shuɗiya ta san an saurara. To me ya sa wannan ta iya, fom ɗin taki kuma malamin makaranta ma ya kasa? Ashe ba kan mutane ne da matsala ba.

Ɗalibin Dutse: Yauwa Anti! Abin da nake ta faɗa kenan. Kuma maganar sabis da Bakano ya kawo ita ma aikin mai haɗa shafi ce. A 2015 Facebook suka fito da Facebook Lite saboda ƙananan wayoyi da sabis mai rauni, a shekarar kuma suka tsiro da tsarin da duk Talata ma'aikatansu za su iya rage gudun intanet ɗinsu zuwa na 2G na awa ɗaya, don su ɗanɗana abin da irinmu ke sha. Shi kuwa namu yana zaune a ofis da wayfay da ƙatuwar kwamfuta, ya danna ya ga ya wuce ya ce an gama.

Gardin Tsangaya: Har yanzu dai ba a ba ni amsa ba. Mene ne ma'anar jahili? Wanda bai san Ubangijinsa ba ko wanda bai iya latsa waya ba?

Malamin Firamare: Alaramma ai yaron ya janye

Gardin Tsangaya: Ya janye da baki. A zuci fa? Kuma ku malaman boko ku kuka koya musu, a takardunku duk wanda ya yi allo kuna lissafa shi cikin marasa ilimi.

Malamin Firamare: Subhanallahi, ni na rubuta takardun? Ni ma fa almajiri ne, a tsangayar mahaifinka na yi sauka, ka tambaya.

Direban Gujungu: Tunda ana tone-tone, Bakano ina dubu huɗuna na kuɗin motar buhunan riɗi? Tun kaka fa

Bakanon Gaya: Wannan maganar ta nan ce? Ka same ni ta gefe. Kuma buhu ɗaya a yage ka kawo shi

Uwar Biyu: Wato dai ni ba wanda zai amsa min. In mace ta kawo magana sai a tsallake kamar ba a gani ba. Allah ya kyauta.

Ɗalibin Dutse: Don Allah a dawo kan fom. Na ce mu haɗa mutum biyar gobe bayan la'asar, in ɗauki bidiyon inda kowa ya maƙale mu tura wa masu shi, ba a fafe gora ranar tafiya amma ko yanzu suka gyara an rage asara. Wa zai zo?

Gardin Tsangaya: Jahilai biyar kake nema kenan

Direban Gujungu: 😂😂😂 Alaramma ka kashe ni

Admin Mai POS: To jama'a ya isa haka, saƙo ya haura ɗari wayata har ta yi zafi. Na karanta komai tsaf kuma ga abin da aka cimma. Na ɗaya, kowa ya yarda ƙanenmu ya yi kuskure babba da ya zagi dattijo, ya kamata ya je har gida ya durƙusa. Na biyu, maganar wani Bature da mutum biyar ba ta da tushe a wajenmu, direba ya riga ya rusa ta. Na uku, fom ɗin lafiyarsa ƙalau, ni na cike wa sama da mutum arba'in a satin nan ba wanda aka koro, abin sani ne kawai, kowa da sana'arsa, ba a cewa dole kowa ya iya gyaran babur don yana hawa. Batun bidiyo kuma ban amince ba, kar a je a ɓata wa masu ba mu taki rai su cire garinmu daga lissafi. Duk wanda bai yi rijista ba ya same ni a shago gefen masallacin Juma'a da katinsa da wayar da layin ke ciki, ɗari biyar ne kacal, dattawa ɗari huɗu. Na kulle guruf sai da safe.