Kofi Biyar a Hannu, Ina Yaran Suka Shiga?

Dattijon Kwarbai:

Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar na tsaya a bakin wani fili kusa da Ƙofar Doka ina kallon yara suna buga ƙwallo, sun kafa duwatsu biyu a madadin raga, sai gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta faɗo mini a rai. Na ɗora baitocina a kan amsa-amon "ya", duk mai amsawa sai ya bi shi.

Da sunan Allah nake buɗe zancena,
A kan gasar yara ta kofin duniya.

A 1985 aka fara ta a ƙasar Sin,
Kofin farko ya faɗo hannun Najeriya.

Jamus ta Yamma ta sha biyu ba ta rama ba,
Muna manne da rediyo a zauren Zariya.

A 1993 muka doke Ghana a Japan,
Kanu na cikinsu, siriri kamar sillen tsintsiya.

A 2007 sai da aka kai ga bugun fenareti,
Kafin Sifaniya ta miƙa wuya a Koriya.

Koci Manu Garba ya kai nasa yaran Abu Dhabi,
Suka zura wa Meziko uku babu tankiya.

A 2015 Osimhen ya ci goma a Chile,
Kofi na biyar ya iso gida lafiya.

Wace ƙasa ce ta tara biyar irin namu?
Burazil ma huɗu gare ta, a faɗi gaskiya.

Matashin Samaru:

Baba, na durƙusa na karɓi lissafinka,
Amma ka yi mini haƙuri, ina tafe da tambaya.

Idan gona ta yi yabanya har sau biyar,
Ina hatsin da aka kai rumbu daga baya?

Manyanmu a gasar manya ba su taɓa wuce zagayen 'yan 16 ba,
Tun zuwansu na farko a 1994 har zuwa jiya.

Toni Kroos na cikin Jamusawan da muka fitar a 2007,
Bayan shekara 7 ya ɗaga babban kofin duniya.

Chrisantus da ya fi kowa zura ƙwallo a gasar nan,
Yau sai an bincika kafin a ji masa ɗuriya.

Ban manta da Kanu da Iheanacho da Osimhen ba,
Amma sauran mun ɗebe su ne da rariya.

Mai Gidan Kallo na Sabon Gari:

Ni ba mawaƙi ba ne, Baba, don haka baiti uku kawai zan ajiye, a gafarce ni idan sun karkace.

A 2009 na kulle gidan kallona na hau mota,
Na nufi Kaduna, don gasar ta zo Najeriya.

Ranar da Suwizalan ta ci mu ɗaya a Abuja,
Benci ya yi tsit, janareta kaɗai ke da murya.

Xhaka da Seferovic sun girma a kan idona,
Sani Emmanuel, gwarzon gasar, ya ɓace mini a hanya.

Malamar Tudun Wada:

Ƙanena na Samaru, ka taɓo inda ke ciwo,
Bari in ƙarasa abin da ka bari don kunya.

Tun 2009 ake sa wuyan hannun yara a na'ura,
Domin ƙashi ya faɗi shekarun da baki ya juya.

A 2016 da yawa daga cikin namu suka faɗi awon,
Nijar ta fitar da mu, ba mu taka ƙasar Indiya. Ba.

Ku gafarce ni, "ba" ɗin ta ƙi shiga baiti,
Kamar yadda ɗan 22 ke ƙin shiga rigar ɗan jiya.

Wanda ya girmi abokan wasansa zai haskaka a yau,
Gobe in sun kawo ƙarfi, shi gwiwarsa na jinya.

Ba yaron nake zargi ba, na san gidan da ya fito,
Na san wanda ya ce masa a rage biyar a yi tafiya.

Wani dillali ya zo gidan yayata da takardu,
Ya ce zai kai ɗanta gwaji a ƙasar Turkiyya.

Ta sayar da keken ɗinkinta ta haɗa da adashi,
Mijinta ya kai kasuwa ya rabu da saniya.

Yaron ya yi wata 4 a wani ɗaki a Legas,
Ya dawo da jaka ɗaya, dillali ya kashe waya.

A ajina na firamare, in na nemi takardar haihuwa,
Sai uwa ta ce, "An haife shi shekarar ambaliya."

Dattijon Kwarbai:

'Yata, na ji, kuma ban sami abin musantawa ba,
Ɗana na Samaru, ka kayar da ni ban ji kunya. Ba.

Na ari taki dabarar, Malama, don ta burge ni,
Amma kofunan nan biyar ba zan mayar da su baya.

Na ga daren da aka cika titi daga Kongo zuwa PZ,
Ba a tambayi mai cin ƙwallo garinsu ko addininsa ɗaya.

Yaron da ya tsayar da ni jiya a Ƙofar Doka,
Da hagu yake bugawa, ƙafarsa ba takalmi sai ƙaya.

Na san kakansa, tare muka yi makarantar allo,
Zan je gidansu gobe in Allah ya kai mu safiya.

Malama, in an tarar ba a yi masa takardar haihuwa ba,
A wane ofishi ake yi, kuma me ake riƙowa a tafiya?